Ruwan rijiyarmu ya fara wari tun da aka haƙa sokawe jikin katangarmu, ina neman shawara

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ina zaune a wata unguwar awon igiya wajen Panshekara, Kano. Lokacin da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sayi filin, gonaki ne kewaye da mu. Shi ya haƙa rijiyar, gaba takwas, ko da bazara ba ta ƙafewa, har maƙwabta na ɗiba. Da aka raba gado gidan ya faɗo kaina, na biya ƙannena kasonsu da ƙyar. Bara aka gina gidan haya mai ɗaki goma sha biyu a bayanmu, aka haƙa sokawe jikin katanga. Tun faɗuwar damina ruwan ke wari, yara biyu sun yi gudawa, ga jaririya 'yar wata uku. Muna sa alif. Yaya zan yi?

Injiniyan Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi tazarar rijiyar da sokawen ba, kuma nan maganar take. Ana son mita 30, in an matsu 15. Filin ƙafa 50 gaba ɗayansa mita 15 ne, ka ga babu inda za a samu tazarar. Alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ku daina shan ruwan yau. Ka ɗebi samfuri a kwalbar da ɗakin gwaji zai ba ka, ka sa a ƙanƙara, ya isa cikin awa 6. A auna E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, wanda ba a yarda da ko ɗaya ba a mililita 100, da nitiret, sinadarin da ke fitowa daga ƙazanta da taki, iyakarsa miligiram 50 a lita. Tunda kuna kusa da majemun Challawa, a haɗa da kuromiyom, sinadarin da ake jeme fata da shi.

Maman Sadiq: Baban Ummi, a tafasa ruwan, ko a jefa ƙwayar kulorin ta Aquatabs ɗaya mai 67mg a jarkar lita 20, a jira minti 30. In ruwan yana da laka a fara tacewa, a sa biyu. Masu gudawa a ba su ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc, in ta yi yawa asibiti.

Injiniyan Ruwa: Hajiya, tafasawa da kulorin ba sa cire nitiret, tafasawa ma ƙara shi take yi saboda ruwan na raguwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba shi ya fi cutuwa, jininsa ya kasa ɗaukar iska. Kada a dama wa jaririyar komai da wannan ruwan, nono kaɗai.

Tsohon Duba-gari: Duk wannan daga yanka filaye ba tsari ne. An cike kududdufai an yi gini, magudana sun toshe da ledar fiya wata, ruwan sama ba shi da wajen zuwa sai ya cika sokawe ya tura ƙazanta ƙarƙashin ƙasa. A da ba a haƙa masai sai an duba. Ɗana, ka fara da mai unguwa, sannan sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a sa mai gidan ya yi tanki mai siminti ciki da ƙasa, a riƙa kwashewa da mota.

Baban Ummi: Baba, mai gidan surukin yayana ne, ba zan kai shi ƙara ba. Tazarar kamar taku bakwai ce. Kuma shekara talatin muna shan rijiyar nan lafiya. Wani ya ce in zuba kulorin a ciki ya isa.

Abu Hanif: Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku yi burtsatse, a huta.

Injiniyan Ruwa: Burtsatsen da ba a liƙe samansa da siminti ba, ruwan sama-sama zai bi jikin bututu ya gangara, an koma gidan jiya. Wankin rijiya kuwa, mai faɗin mita 1 da ruwa mita 3 tana ɗauke da kusan lita 2,350, tana cin giram 170 na hodar kulorin ta HTH. A narka a bokiti, a zuba, a bari ta kwana, a kwashe har warin ya tafi. A shafe mita 3 na sama da siminti, a yi daɓe kewaye da baki, a sa murfi da guga ɗaya. Amma a taku bakwai, Malam, muddin sokawen na yoyo ƙazantar za ta dawo. Rijiyar ta koma ta wanki.

Baban Ummi: Injiniya, mu goma sha ɗaya ne a gida, ba zan iya sayen ruwan 'yan garuwa kullum ba, su ma ban san inda suke ɗebowa ba. Zan gwada hodar tukuna. A ina ake samunta, kuma nawa ne gwajin?