Maƙwabcina mai jin Ingilishi yana son koyon baƙaƙen Ibrananci, ta ina zan ɗauko masa?

Mai Shago Wadata:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da maƙwabci a nan Yamai, ɗan Gana ne, shagonsa na gyaran salula yana jikin nawa. Ingilishi yake ji, sai Hausar ciniki. Ya samo wani ɗan littafi na koyon Ibrananci don yana son ya karanta Zabura da harshenta, amma tun shafi na biyu ya tsaya cik. Ya ce ya nemi A da E da O cikin haruffan, babu su babu dalilinsu. Da yake yana ganin ina rubuta bashin abokan ciniki da ajami daga dama zuwa hagu, sai ya kawo mini, wai ai duk kanwar ja ce. Na duba ban gane ko harafi ɗaya ba, sai dai ɗige-ɗigen ƙarƙashi sun yi mini kama da wasali. Mutumin kirki ne, ina so in taimaka masa. Mai sani ya fahimtar da ni don Allah.

Malam na Tawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka gani daidai, wasali ne. Na ɗan taɓa harshen lokacin da nake karatu a Alƙahira. Haruffansu 22 ne, dukkansu baƙaƙe. Abin da ya ɗaure wa maƙwabcinka kai shi ne a boko wasali harafi ne mai zaman kansa cikin layi, a nan kuwa alama ce da ake ɗora wa baƙi, yadda ka sani tun makarantar allo. Don haka ka bi da shi hanyar da aka bi da kai: babbaƙu tukuna, sannan farfaru.

Kuma jerin ba baƙo ba ne gare ka. Alef, bet, gimel, dalet (א ב ג ד), ai abajada ke nan. He, vav, zayin, hawwaza. Het, tet, yod. Kaf, lamed, mem, nun, kalamana. Har lambobinsu na hisabi sun zo ɗaya: alef 1, dalet 4, yod 10, kaf 20, nun 50. Daga nan ne lissafinmu na Magariba ya ɗan rabu da nasu. Ranar da na fara lura da wannan na daɗe ina jinjina kai.

Sauƙinsa a kan Larabci, haruffan ba sa haɗewa, kowane yana tsaye shi kaɗai, kuma babu manya da ƙanana irin na boko. Biyar ne kawai ke sake kama a ƙarshen kalma: kaf, mem, nun, pe da tsadi. Inda zai sha wuya shi ne masu kama da juna. Dalet (ד) kusurwarta a tsaye take har da ɗan tsini a baya, resh (ר) kuwa a lanƙwashe. He (ה) tana da ƴar kafa tsakanin ƙafar hagu da saman, het (ח) a rufe take. Ya ɗauki bik da kaye ya yi ta rubuta su, kallo kawai ba ya zaunar da harafi.

Hadiza Yantala:
Baba Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a yi mini afuwa, ina ganin babban mutum mai shago ba zai jure haddace baƙaƙe 22 bai karanta ko kalma ɗaya ba. Zai ajiye littafin. Ni da na koya, haruffa kaɗan aka ba ni tare da wasali, ran nan na karanta kalma. A gwada masa da שָׁלוֹם. Harafin farko shin (ש) ce, da alama ƙarƙashinta mai siffar ƙaramin T, sunanta kamats, ta ba da "sha". Sai lamed, sai vav da ɗigo a kanta ta zama "o", sai mem ta ƙarshe. Shalom ke nan, gaisuwarsu.

Sauran ba su da yawa. Layi a kwance ƙarƙashin baƙi shi ne patah, "a". Ɗigo ɗaya a ƙasa hirik, "i". Ɗigo biyu a jere tsere, uku kamar duwatsun murhu segol, dukkansu "e" a bakin mutanen yau. Uku a karkace kubuts, "u", haka ma vav mai ɗigo a cikinta. Biyu ɗaya bisa ɗaya shi ne sheva, sau da yawa aikin ɗauri yake yi. Yaya mai shago, a kiyaye da wannan: ɗigo ɗaya a ƙasa a warash ɗinmu imala ce, a wajensu "i" ne.

Alamomin nan daga baya aka sa su. Malaman Yahudawa da ake kira Masoret ne suka tsara su a garin Tabariya, tsakanin ƙarni na 7 da na 10, don kada karatun ya ɓace wa na baya. Cikakken kundi mafi tsufa mai ɗauke da su shi ne wanda ake kira na Leningirad, da ke ajiye a Rasha, na shekarar 1008. Har yau naɗaɗɗen littafin Attaura da ake karantawa a majami'arsu ba a sa masa wasali, jaridun Isra'ila ma haka, sai littattafan yara da waƙoƙi da na addu'a. Zaburar da maƙwabcinka ke nema dai da wasalinta ake bugawa, ya kwantar da hankalinsa.

Malam na Tawa:
Ƴata, na karɓi rabin maganarki. A ɗanɗana masa kalma da wuri, amma kada a bar jerin, don babu mai buɗe ƙamus bai san shi ba. Ƙanena, akwai kuma ɗigon tsakiyar baƙi, dagesh. Bet da shi "b" ce, babu shi "v". Pe da shi "p", babu shi "f". Waɗannan sautuka suna bakin mai Ingilishi, shi zai gyara maka. Kai kuma ka ji masa ayin da het, don ainun da ha ƙarami ne na maƙogwaro. Yawancin mutanen Isra'ila na yau sun sassauta su, Yahudawan Yaman kuwa sun riƙe.

Mai Shago Wadata:
Na gode Malam, na gode Malama Hadiza. Yau bayan la'asar kasuwa ta yi sanyi muka zauna, ya haɗa shalom da kansa, ya yi ta maimaitawa. Ga abin da ya tsayar da mu: a wani shafin mun ga shin ɗin nan da ɗigonta a hagu maimakon dama. Kuskuren bugu ne ko wani harafi ne daban?

Hadiza Yantala:
Ba kuskure ba ne, Yaya. Ɗigo a dama "sh", a hagu "s", sai a kira ta sin. Da ita ake rubuta Isra'ila da Saratu. Ku nemi sunayen biyu a littafin nasa ku gani.