Taƙaitawa: rubuta bayanin tsoffin gadojin ƙarfe na karkarar Amurka kafin a rushe su

A tattaunawar da aka yi kan yadda za a adana bayanin waɗannan gadoji, an yi ittifaƙi a kan waɗannan:

1. A fara da allon da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera gadar da shekarar ƙira, domin shi ake fara ɓallewa.
2. A ɗauki hoto daga ɓangarorin biyu da ƙarƙashi, sannan mahaɗan ƙarafa kusa-kusa, a ga ko ribit (ƙusar da ake dasawa don haɗa ƙarafa) ne ko sandar ƙarfe ta riƙe su. A jingina tef ɗin awo a cikin hoton.
3. A rubuta tsawo, faɗi da salon ƙirar, Pratt ko Warren (sunayen salon jera ƙarafan da ke riƙe gada).

Inda aka rabu: wasu sun ce hoton waya ya wadatar. Wasu suka nace a bi ƙa'idar HAER, shirin adana bayanan tsoffin ayyukan injiniya na Amurka da aka kafa a 1969, wato a ɗauki hoto da babban fim baƙi da fari, saboda ya fi daɗewa a ma'ajiya.