.30-30 ko .45-70: Da Wacce Za a Shiga Dajin Beyar?

Auta (Ohayo): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Na gama kwas ɗin farauta, lasisi ya fito, saura bindiga. Guda ɗaya tak nake da halin saya, kuma mai liba nake so, irin wadda ake tankwaso ƙarfen ƙasan kunama a ɗana sabon harsashi. Da ita zan nemi barewa a nan Ohayo in an buɗe farautar bindiga wajen ƙarshen Nuwamba, baɗi kuma in Allah ya kai mu in bi Kawu zuwa Maine neman baƙin beyar. Mai shagon da na je ya ce min duk wanda ya shiga dajin beyar da bindigar da harsashinta bai kai girman wanda ake kira .45-70 ba ya raina ransa. Haka maganar take?

Kawu (Maine): Wa alaikumus salam, Auta. Ban yarda da wannan magana ba. Shekara goma sha huɗu ina shiga dajin nan da bindigar Marlin 336 mai cin harsashin .30-30, wanda bai kai .45-70 girma ba, kuma ban taɓa dawowa gida ina cewa bindiga ce ta gaza ba. Tun 1895 wannan harsashi yake aiki, a cikin Winchester 94 aka fara sa shi, kuma har gobe da shi tsofaffin maharban nan suke fita. Baƙin beyar ba dodo ba ne. Yawancin waɗanda ake kayarwa a nan ba su kai kilo 150 ba, da yawa ma ko 100 ba su kai ba. Kuma a bisa itace kake zaune, an zuba masa abinci a ƙasa, tsakaninku bai fi yadi 30 ba. Harsashi mai nauyin giren 170 (giren shi ne ɗan ma'aunin da ake auna nauyin harsashi da albarushi) a cikin huhu ya gama magana.

Yaya (Alaska): Kawu, da girmamawa, ka faɗi rabin zance. Kashewa dai .30-30 tana kashewa, ba mai musu. Matsalar ita ce nemo shi bayan harbi. Beyar ba barewa ba ne. Kitse ne jibge a ƙarƙashin fata, ga dogon gashi mai shanye jini kamar soso. Ƙaramin rami kitsen yake toshewa, dabba ta ruga cikin sarƙaƙiya da magariba ba ɗigon jini ko ɗaya a ƙasa. Faɗin harsashin .30-30 bai kai milimita 8 ba, na .45-70 ya haura 11 da rabi tun kafin ya buɗe. Nauyi kuma giram 11 ne da giram 26 in ka ɗauki mai giren 405. Na .45-70 shiga yake ya fita ta ɗaya gefen, rami biyu, jini na zuba ta ƙasa. Wanda ya taɓa rarrafe da tocila cikin duhu yana bin sawun beyar mai rauni ya san abin da nake nufi.

Kawu (Maine): Ka yi gaskiya a kan jinin. Amma kai a Alaska kake, inda jan beyar ke haura kilo 500. Can ko ni ba zan fita da .30-30 ba. Yaron nan ba can za shi ba.

Direba (Minesota): Ku dakata kafin ku yi nisa. Auta, ka karanta littafin dokar farautar jiharku kuwa? Ina bin Ohayo da tirela duk mako, kuma abokan aikina na can mafarauta ne. Ba a yarda a harbi barewa da .30-30 a Ohayo ba. Tun 2014 suka halatta doguwar bindiga, amma sai mai harsashin da kwansonsa yake miƙe samɓal, mai faɗin inci .357 zuwa .50. Kwanson .30-30 wuya ne da shi kamar kwalba, don haka ya faɗi. Na .45-70 miƙe yake, ya shiga. Sannan ba a sa fiye da harsashi uku a cikin bindigar gaba ɗaya, ko da tana cin shida.

Auta (Ohayo): Na duba yanzu, Yaya Direba, haka ne. Allah ya saka da alheri. Da na kashe kuɗina a kan abin da ba zan fita da shi a jiharmu ba.

Kawu (Maine): To doka ta raba mu a kan wannan, na karɓa. Amma ba ta mai da maganar mai shago gaskiya ba. Kuma yanzu ne ma damuwata ta ƙaru, don na san abin da zai biyo baya: za a ɗora wa yaro bindiga mara nauyi, a cika masa aljihu da harsasai masu zafi, ta shure shi sau uku a filin gwaji, daga nan duk sanda zai taɓa kunama sai ya runtse ido ya ɗaga kafaɗa. Na ga wannan da idona. Wani maƙwabcina ya sayi gajeriyar Marlin ɗin nan da suke kira Guide Gun, mutum ne ƙaƙƙarfa, amma cikin wata guda ya koma harbi ƙasa da hagu a yadi 50. Ba ƙarfi ya rasa ba, jikinsa ne ya koyi tsoron shurin. Barewar da ya harba a shekarar a ciki ya same ta, muka kwana muna nema ba mu gan ta ba. Har yau abin yana damuna, don dabba ce ta je ta mutu da wahala a banza.

Yaya (Alaska): Allah ya kyauta. Amma laifin harsashin da ya zaɓa ne, Kawu, ba na bindigar ba. Abin da mutane ba su gane ba shi ne .45-70 kamar bindiga uku ce a jiki ɗaya. Sojan Amurka ne suka fara amfani da harsashin a 1873, cikin tsohuwar Springfield mai buɗewa ta sama, da baƙin albarushi giren 70, daga nan sunan ya fito. Tunda har yau akwai masu irin waɗannan tsofaffin bindigogi, manyan kamfanoni suna cika harsashinsu na yau da kullum da sauƙi don kada su fashe. Mai giren 405 na Remington gudunsa wajen ƙafa 1,330 ne a daƙiƙa. Wannan turawa yake yi, ba mari ba. Sai matsakaici, mai giren 300 da ke gudun wajen 1,850. Sai kuma na ƙananan kamfanoni irin Buffalo Bore da Garrett, dalma mai tauri giren 400 da ɗoriya, an cika su da zafi, su ne masu karya ƙashin kafaɗar jan beyar su wuce. A jikin kwalin ma suna rubuta irin bindigogin da za su iya ɗauka. Ni da su nake yawo, kuma su nake ba Auta shawara ya riƙe ranar beyar. Gara ƙarfi ya yi saura da ya gaza.

Kawu (Maine): A nan ne fa muka rabu. Dalma mai tauri ba ta buɗewa. An yi ta ne don dabbar da ta taso maka gaba da gaba, kana son huda ƙashi mai kauri. A jikin beyar mai kilo 90 da ya ba ka haƙarƙari, wucewa za ta yi ta nutse a ƙasa da ragowar ƙarfinta, kai kuma ka sha shurin da ya ninka na .30-30 sau uku ko fiye. Me aka ci? Mai taushin baki da ke buɗewa a cikin huhu shi ne na wannan aiki.

Yaya (Alaska): Bakinta a baje yake, Kawu. Ramin da take bari ba na allura ba ne. Kuma dabba ba kullum take ba ka haƙarƙari ba. In ya tsaya a karkace fa?

Kawu (Maine): In ya tsaya a karkace sai a jira. Abinci yake ci, zai juya. Maharban garinmu da bindigar toka suke shiga daji, harbi ɗaya gare su, abin da ya riƙe su shi ne haƙurin jiran dabba ta gyara tsayuwa. Kuma Auta, riƙe wannan tun yanzu: kada ka auna beyar yadda kake auna barewa. Huhunsa ya ɗan ja baya, gashin cikinsa kuma yana zubowa ya sa ka ga kamar ƙirjin ya fi haka zurfi. Masu manne wa kafaɗa ko su yi ƙasa sosai su ne ke rasa dabba. Ka bari ƙafar gaba ta miƙa, ka ja baya kaɗan daga kafaɗa, tsakiyar jiki a tsaye.

Direba (Minesota): Ku bar ni in yi wa barewar magana, don ita zai fi harbi. Ohayo gonakin masara da waken suya ne, wani lokaci dabba na tsaye a yadi 150 ko fiye a bakin gona. Mai giren 405 ɗin nan mai sanyi, in ka saita shi a yadi 100, kafin ya kai 200 ya sauka kusan ƙafa biyu. Mai giren 300 wajen ƙafa ɗaya. Shi ya sa abokaina suka koma na Hornady mai jan roba a baki, giren 325, wanda suke kira LEVERevolution. Ya fi miƙewa.

Auta (Ohayo): Me ya sa sai roba? Na ga sauran duk bakinsu a baje.

Direba (Minesota): Saboda a irin wannan bindiga harsasai a jere suke cikin bututun da ke ƙarƙashin baki, kan na baya yana tokare da gindin na gaba, daidai wurin da ke tada wuta. In mai tsinin ƙarfe ne, shurin bindiga zai iya sa ya tashi na gabansa a cikin bututun, hannunka na hagu kuma a nan yake riƙe. Don haka ko da wasa kada ka sa mai tsini mai tauri. Robar tana lotsewa ta koma, ita ce ta ba su damar yin tsini ba haɗari.

Yaya (Alaska): A barewa na yarda da shi. A beyar ban so, yana saurin buɗewa in ya ci karo da ƙashi a kusa.

Kawu (Maine): Masu zuwa wajenmu da shi suna kayar da beyar duk shekara.

Malam (Niyok): Salamu alaikum. Na bi zancenku tun farko, ba wanda ya taɓo naman. Barewa halal ce: ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka same ta da sauran rai ka yanka. Beyar kuwa mai fiƙa ne, kuma hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cin duk mai fiƙa daga namun dawa. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun ce haramun ne. Mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya makaruhi ne. Auta, kafin ka tambayi wane harsashi, ka tambayi kanka me za ka yi da dabbar bayan ta faɗi. Kashe rai don hoto kawai ba abin so ba ne.

Kawu (Maine): Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai nauyi kuma na sha yi wa kaina. Ni a kan maganar Malikiyya na tsaya, muna ci a gida, ba na barin komai a daji. Jihar kuma da farautar take daidaita yawansu. Amma ba zan ja kowa ya bi ni a kai ba.

Hajiya (ma'aikaciyar jinya, Mishigan): Wanda ya zaɓi ci, don Allah ya ji wannan. Naman beyar yana ɗauke da tsutsar trichinella, mai shiga tsokar mutum ta kawo zazzaɓi da kumburin fuska da ciwon jiki. Sa shi a firiza ba ya kashe irin wadda ke jikin namun dajin arewa. Sai an dafa har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos. Ba a yin kilishi da shi, ba a yin tsire mai ja a ciki. Kawu, na san halin gidanka da suya, shi ya sa na faɗa. Sannan duk namanku, a yanke zagayen inda harsashi ya bi a zubar, dalma tana warwatsewa ƙanana ƙanana, kuma yara ne ke ci. Akwai harsashin tagulla zalla, Kalifoniya ma tun 2019 ta hana farauta da na dalma.

Kawu (Maine): Na gode, Hajiya. Farfesu muke yi da shi, ya daɗe a wuta.

Auta (Ohayo): Na gode muku duka. Ga inda na tsaya. Bindiga .45-70 zan saya, tunda ita dokarmu ta yarda. Ina kallon Marlin 1895 na yanzu da Ruger ke ƙerawa, da kuma Henry, zan riƙa kowacce in ji wadda ta zauna min a kafaɗa. Maganar beyar kuma, Malam, ka sa ni tunani, zan kira ka mu yi ta a natse kafin in biya kuɗin komai a Maine. Harsashi ne har yanzu ban yanke ba.

Yaya (Alaska): Sayi kwali ɗaya na mai zafin ka gwada ko sau biyu ne, ka san abin da bindigarka ke iyawa.

Kawu (Maine): Kada ka fara da shi. Ka fara da mai giren 405 mai sanyi, kwali biyu, ka sa abin toshe kunne, ka yi harbi a tsaye da a zaune kamar yadda za ka yi a daji. Ranar da ka iya zuba biyar a jere cikin faranti a yadi 50 ba ka ƙifta ido ba, sai ka hau na giren 300 ko na robar, ka sake saiti, don ba wuri ɗaya suke sauka ba. Turo min hoton farantin.

Yaya (Alaska): Ni ma a turo min. Amma Kawu, maganar rami biyu tana nan, ban janye ba.

Auta (Ohayo): Asabar zan je shagon, in sha Allah. Yaya Direba, in kana kan hanyar Kolumbus ranar, ka tsaya mu je tare.

Direba (Minesota): Juma'a da dare zan sauke kaya a Dayton. Kira ni bayan asuba.