Daren kiɗa da rawar 'yan asalin Kanada a gidan tarihi: me ke ba masu shiri matsala?

Mai Shirya Taro: Assalamu alaikum. Duk 21 ga Yuni, ranar 'yan asalin ƙasa a Kanada, gidajen tarihi kan gayyaci makaɗa da 'yan rawa na First Nations, Inuit da Métis, wato rukunoni uku na 'yan asalin ƙasar. Waɗanda suka san aikin, ina ake yawan yin tuntuɓe?

Injiniyan Sauti: Wa alaikumus salam, Malam. Ganga ce farko. Fata ce, danshi na sassauta ta, busasshiyar iska na ɗaure ta. Ɗakunan ajiya kuwa ana riƙe danshinsu wajen kashi 50 cikin 100 saboda kayan tarihi, ba ruwansu da makaɗa. A shigo da gangar awa biyu kafin a fara, ta saba da iskar wurin. In ta saki, a ɗumama ta da na'urar busar da gashi daga nesa. In ta ɗaure da yawa, a ɗan fesa mata ruwa. Kada a sa wa babbar ganga makirufo, zauren dutse da gilashi amsa-kuwwarsa ta isa. Mawaƙan za a sa wa.

Hajiya Mai Kula da Kaya: Injiniya ka manta hayaƙi. Dattawa kan buɗe taro da turara ganyen sage ko sweetgrass, na'urar gano hayaƙi kuma ba ta san addu'a ba. Ko dai a yi a farfajiya, ko a nemi izini tun makonni a dakatar da na'urar sashen, a sa mutum tsaye da abin kashe gobara har a mayar da ita.

Injiniyan Sauti: Gaskiyarki, Hajiya. Sai waƙar maƙogwaro ta Inuit: mata biyu fuska da fuska, kusan hanci da hanci, wadda ta fara dariya ita ce ta sha kaye a wasan. Makirufo biyu, kuma a rufe wurin sayar da abin sha, ƙarar kofuna na cinye ta.

Baba Mai Gabatarwa: Nawa na baƙi ne. Mai gabatarwa ya faɗa tun farko waƙoƙin da ake tashi tsaye da waɗanda ba a ɗaukar hoto. Ba a taɓa kayan jikin ɗan rawa, kuma ba kayan wasa ba ne: rigar ƙararrawa ta matan Ojibwe, ɗaya daga ƙabilun First Nations, mai ƙananan mazurarin ƙarfe, rawar neman lafiya ake yi da ita. In gashin mikiya ya faɗi, kada ma'aikaci ya ɗauka, akwai masu hurumin hakan. Mutanen nan daga 1885 zuwa 1951 doka ta haramta potlatch, bikin walima da rabon kyaututtuka na 'yan uwansu na gaɓar tekun yamma, an ƙwace musu kaya, wasu suka ƙare a gidajen tarihi, don haka a bar su su tsara jerin da kansu.

Hajiya Mai Kula da Kaya: Ƙari, Baba: tayil na da santsi kuma yana cin gwiwa. A shimfiɗa daɓen katako na haya, musamman don rawar ƙafa ta Métis.