Neman kalma: fitilar LED ta babur, kafin shirin gobe

Mai Gabatarwa:
Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 na safe ina da shiri a rediyo kan masu babura da ke cire ƙwan fitilar da ya zo da mashin su sa LED, ƙwan nan mai farin haske, saboda tafiyar dare. Me zan kira LED ɗin? Sai kuma abin da direbobi ke cewa ful layit da dim. Abin yana raina tun daren da wani ya dalle min ido a gadar Kawo, sai da na gangara gefe na tsaya, don ba na ganin komai.

Bakanike Panteka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a garejinmu farar wuta muke cewa. Amma don Allah ki faɗa musu ba kowane mashin ke karɓarta kai tsaye ba. Wanda fitilarsa ke shan wuta daga kwayil ɗin inji, in ba a sa rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar, ko an juya layin zuwa batir ba, sai ta riƙa ƙiftawa da zarar an saki totur.

Malam Nahawu:
Farar wuta tana da mai ita. Ita ce wadda 'yan koli ke sayarwa a yi maganin ƙazuwa. Ni shawarata a ce haskau, a kan awon mantau da makarau.

Ɗan Rigasa:
Allah gafarta Malam, in na je shago na ce a ba ni haskau, wa zai gane?

Malam Nahawu:
Haka muke kashe harshenmu! Kowace kalma da ranar da aka fara jin ta. Wannan ful layit ɗin Hausar bariki ce, ku 'yan Kaduna kun saba.

Ɗan Rigasa:
A'a Malam, kada a kai mu nan. Ita fitilar ba daga Larabci muka aro ta ba? A garin nan Rediyon Kaduna yake, tun 1962 ake watsa Hausa daga nan har ƙetaren Najeriya.

Malam Nahawu:
Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru ya zama ɗan gida. Haskau dai.

Bakanike Panteka:
Ku bar wannan. Hajiya, abin da ke rikita mutane shi ne wat. Tsohon ƙwai yawanci wat 35 ne, zare ne a ciki yake yin ja don zafi. LED ba ta da zare, wuta kaɗan take ci. Wat yana nuna cin wuta ne, ƙarfin haske kuwa da lumen ake auna shi. Kashe idon da aka yi miki kuma, yawanci fitilar ce ba a saita ba. A fuskanci bango da dare, a sunkuyar da kanta har hasken ya sauka ƙasa da idon mai zuwa.

Mai Gabatarwa:
Na gode Oga, wannan zai shiga shirin. Ga abin da na tsayar: fitilar LED mai farin haske. Ful layit zan ce dogon haske, dim kuma gajeren haske, amma zan ambaci na direbobi sau ɗaya don a gane. Lumen har yanzu ban samu ba.

Malam Nahawu:
Dogo da gajere sun zauna, ban ƙi ba. LED ɗin ce dai ban yarda ba. Ki jefa haskau ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Gabatarwa:
In lokaci ya ba ni, Malam. Wa ke da kalmar lumen kafin asuba?