Abin da na tsinto game da fita yawo Wadi Hanifa

Jama'a, maganar da aka yi ta yi kan lokaci da wurin da ya fi dacewa a fita yawo Wadi Hanifa, kwarin da ya ratsa Riyad, ta yi tsawo, don haka na tattara ta wuri ɗaya saboda 'yan'uwa mazauna Riyad da ke shirin zuwa.

1. Lokaci. Baki ya zo ɗaya: daga Nuwamba zuwa Maris, bayan asuba ko bayan la'asar. A Yuli zafi kan haura digiri 40, kada a kai yara.

2. Ta ina za a shiga? Kwarin ya kai kusan kilomita 120, ba mai gama shi a yini ɗaya. A nan aka rabu. Masu son tattaki sun zaɓi wajen dam ɗin Al-Elb kusa da garin Dir'iyya da ke gefen Riyad, saboda hanyar ƙafa da inuwar dabino. Masu iyali suka ce Wadi Namar, wani kwari da ke haɗe da Wadi Hanifa, ga tafki, ga wurin shimfiɗa tabarma da fulas ɗin shayi. Ni ina tare da na farko, domin Namar ranar Juma'a da yamma ba masaka tsinke.

3. Tsuntsaye sun fi yawa can kudu inda ruwa ke gudana. Zalɓe kan tsaya cik a bakin ruwa yana dakon kifi, amma sai an yi shiru. Ruwan na magudanun birni ne da aka tace, ba na sha ko wanka ba.

4. Hadari na haɗuwa, a fita daga kwarin nan take, ko da ba a fara yayyafi ba. Ambaliya daga can saman kwarin take gangarowa.

5. A tafi da takalmi mai ƙwari, gorar ruwa, ledar zuba shara. Batun gasa nama kuwa ba a daidaita ba, wasu sun ce hayaƙi na korar tsuntsaye.