Jiragen Ƙambalu

Mai Tawada: 'Yan uwa, ga filin yau. Tsibirin Ƙambalu, inda Mas'udi, marubucin tarihi ɗan Bagadaza, ya hau jirgi zuwa Oman wajen shekarar 916. Masana da dama sun ce Pemba ce, maƙwabciyar Zanzibar. Sirafu kuma tashar jiragen ruwa ce ta ƙasar Farisa. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Bismillah.

Iskar arewa ta motsa, jirage na tahowa,
Daga Sirafu da Oman, Ƙambalu za su saukowa.
Ba ƙusa ko ɗaya jikinsu, kar ka yi tantamawa,
Da igiyar ɓawon kwakwa katako ke ɗinkuwa.

Ɗan Yawuri:
Mai Tawada Bakano, wa ya aike ka ruwa?
Kai da a kududdufi ma kake neman nutsewa!
Bar batun jirgi gare mu, mu muka gaji tuƙawa,
Kai ka koma Kurmi, can ka iya tayawa.

Uwar Biyu: Kai! Ɗan Yawuri ka gama da shi. A kawo wa Bakano ruwan sanyi.

Mai Tawada:
Kwale-kwalenka na Kwara, buhu uku sai kifewa,
Can hauren giwa ake lodi, har Sin ake kaiwa.
Ambar da teku ta amayo, a gaɓa ake tsintowa,
Kai ko sai tarwaɗa biyu, kana ta yin hurawa.

Malam Aruli: A gafarce ni. "Za su saukowa" ba Hausa ba ce, an murɗe wuyan kalma ne don a sami "wa". Ɗangon ambar kuma ya ɗara ɗan uwansa tsawo. Wane kari kuke hawa ne?

Mai Tawada: Allah gafarta Malam, karin raƙumi ne. Kai dai kawo naka baitin mu gani.

Malam Aruli: Raƙumin naka gurgu ne. Matuƙan Oman ɗin da kake yabo, Mas'udi ya ce in igiyar tekun Barbara, can gaɓar Somaliya, ta taso musu, rajazu, wani karin waƙar Larabawa, suke rerawa. Mustaf'ilun, mustaf'ilun, mustaf'ilun. Suna tsakanin rai da mutuwa ba su karya kari ba, kai kana kan katifa ka karya.

Uwar Biyu: Malam, wata shida kana gyara mana, ko ɗango ɗaya ba mu taɓa gani daga gare ka ba.

Ɗan Yawuri: Ni dai Malam bai taɓa nawa ba. A rubuta.

Malam Aruli: Naka ban iso ba ne, ɗana. "Ruwa" da "nutsewa" ma akwai magana.

Goggo Mai Tsini: Kun cika mu da surutu. Ku matsa.

Ku maza kun tsaya kan haure, kuna ta yin fahariya,

Afuwan, "wa" aka ce. Na sake:

Baƙo in ya sauka, wata da watanni yake zaunawa,
Sai iskar kudu ta juyo yake samun komawa.
Wa ke daka masa dawa, da ayaba ta dafawa?
Matan gaɓa, da ba wanda ya damu da rubutawa.
Kuma ba haure kaɗai jirgin nan yake ɗaukewa,
Akwai ɗan mutum a ƙasan jirgi, da igiya an ɗaurewa.
Fadamun Basra aka kai su, gishiri suna kankarewa,
A 869 suka tashi, sai 883 aka iya kashewa.

Uwar Biyu: Goggo ta rufe fili! Maza a tattara alƙaluma.

Malam Aruli: Ma'ana ta yi, Goggo, ba na musu. Amma ta yaya ake rera 869 a cikin ɗango?

Goggo Mai Tsini: Da baki, Malam.

Mai Tawada: Goggo, na sara miki. Amma bashin Ɗan Yawuri bai fita ba:

Ka yi shiru tun da Goggo ta shigo, ko ka fara gudowa?

Ɗan Yawuri (bayan kwana biyu): Ba gudu na yi ba, wayata ce ta faɗa ruwa.

Mai Tawada: Magajin tuƙi ke nan!